Tsamiyar da Aka Sa Shaidar Zur

Kura, Jihar Kano
Asabar, 19 ga Afrilu, 2025, daidai da 21 ga Shawwal, 1446
Ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Zuwa ga Yayana Safwan, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa ce ta girmamawa daga ƙanwarka Hidaya, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka gaba ɗaya. Allah Ya kiyaye ka a wurin aiki, Ya raba ka da sharrin hanya da na mutane, Ya sa albarka a abin da kake nema. Ina rubuta maka ne bayan sallar la'asar, ina zaune a tsakar gida a gindin katangar gabas, wadda rabinta ke da sabon yaɓe, rabi kuma babu. Ba a kawo wuta ba tun jiya. Umma tana ɗaki, ta saki labule. Mudassiru direba zai ɗauki albasa zuwa wajenku gobe da safe, shi zan ba wa takardar ya kawo maka hannu da hannu. Na san za ka ce me ya hana ni kiranka. Ka san halina, Yaya. In na ji muryarka a waya sai maganata ta harɗe, in faro daga tsakiya, kai kuma ka ce in bari sai ka zo. Wannan magana ba ta jiran zuwanka, kuma ina so in faɗe ta a jere, yadda ta faru.

Mutanen gida suna lafiya, alhamdu lillahi. Gwiwar Umma ta ɗan lafa tun da zafi ya shigo, tana shan maganin hawan jininta kullum, ni nake miƙa mata bayan karin kumallo. Mun yi salla lafiya, atamfar da ka aiko ta iso, Allah Ya saka da alheri. An gama yankan alkama, tumatir ya ja baya, ana ta cewa za a rufe ruwan kanal don a yi yasa, amma har yau ba a rufe ba. Ni kuma sunana bai fito a tafiya bautar ƙasa ba tukuna, ina nan gida ina jira.

Zan fara da katanga, don ta nan abin ya shigo mana. Ka san tun da aka ƙara ƙaramin kanal ɗin da ya bi ta bayan gidanmu ruwan ƙasa ya taso. Gindin katangar gabas kullum a jiƙe yake, yana fitar da wani fari-fari kamar kanwa, yaɓen yana zubowa da kansa. Bana ta tsage tun daga kusurwar banɗaki har kusa da zaure, tsagar da hannuna ke shiga. Na yi abin da zan iya: na haƙa 'yar magudana a gindinta don ruwa ya daina kwanciya, na cika ta da tsakuwa, na gyara indararon da ke zubar mata da ruwa a ka. Sauran aikin na magina ne. Da Baffa Iliyasu ya zo gaida Umma bayan salla ya ga tsagar, sai ya ce ai wannan abin kunyarsa ne, gidan ɗan'uwansa na faɗuwa yana raye. Ya ce zai kawo maginansa su yi kafin damina. Umma har da hawaye. Ni ma na ji daɗi, don tun rasuwar Baba ban taɓa ganin Baffa ya ɗaga ko bulo ɗaya a gidan nan ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ban tuna da wannan ba a lokacin.

Maganar lambu ka san ta, amma bari in maimaita don kada mu saɓa a kan asali. Filin da ke tsakanin bayan gidanmu da kanal ba namu ba ne. Na marigayi Malam Dattijo ne, maƙwabcinmu Bafulatani, aminin Baba, ya ba shi aro ya riƙa shuka kayan miya. Kai da ni duk mun ji Baba yana faɗa, ba sau ɗaya ba, cewa ba a dasa bishiya a gonar aro, domin wanda ya dasa bishiya ya ce ƙasar tasa ce. Ko zogale bai yarda an kafa a shingen ba, darnin kara yake sabuntawa duk shekara, yana mita yana yi. Ina aji huɗu a sakandare na roƙe shi ya bar ni in shuka tsamiya a can, ya hana. Da ya ga na ɓata rai sai ya ɗauko ƙwallon tsamiya daga abin da Umma ta jiƙa na kunu, ya miƙo mini da gwangwanin tumatir, ya ce in shuka a nan, gwangwani dai namu ne, babu mai kai mu ƙara a kansa.

Ita ce wannan tsamiyar, shekararta tara ke nan. Ta ƙi girma saboda ƙuncin wuri, ni kuma na ƙi jefar da ita. Sai da na shiga jami'a na fara karatun aikin gona na san cewa akwai mutanen da suka mai da wannan sana'a, ana kiranta bonsai, a raini bishiya a cikin kasko ta tsufa ba tare da ta yi tsawo ba. Na koya a hankali, daga wata malamarmu da kuma bidiyo a waya. Na yanke babbar saiwar da ke nitsewa ƙasa don sauran su bazu gefe. Na sa maginin tukwane ya yi mini kasko mai faɗi marar zurfi, na haɗa mata ƙasa da rairayi da tsakuwa da garin gawayi don ruwa ya riƙa wucewa. Na naɗa wa rassanta wayar alminiyam, ina tanƙwara su kaɗan-kaɗan, wani reshen sai ya shekara biyu kafin ya zauna inda nake so. Tsawonta bai kai gwiwata ba, amma gindinta ya yi kaurin wuyan hannuna, ɓawonta ya tsattsage kamar na tsohuwar bishiya. Ina da wasu, kuka guda da ƙananan ceɗiya biyu, amma su yara ne, ita ce uwa. A garin da kowa ke auna shuka da saurin girmanta, an daɗe ana yi mini dariya. Baffa shi ne kan gaba. 'Yar Japan yake kirana. Yakan ce an kai ni jami'a in koyo yadda ake ƙara amfanin gona, na dawo da ilimin hana shuka girma. Yakan ce tsamiyar da ko aljani ba zai samu wurin zama a kanta ba, sai dai jaririnsa.

Shi ya sa, Yaya, da ya fara zuwa duba aikin katanga ya riƙa tsugunnawa a gaban kaskon yana tambayata, sai na ji kamar an yi mini kyauta. Ya tambayi shekarunta. Ya tambayi ko manomi zai iya gane shekarun daga kaurin gindin, na ce ƙwarai, duk wanda ya san itace zai ce ta kusa goma. Ya tambayi ko za ta rayu in aka mai da ita ƙasa, na ce za ta iya in da damina ne kuma wurin ba ya riƙe ruwa, amma a bazara haɗari ne. Ya tambayi yadda ake cire wayar ba tare da ta bar tabo ba, na ɗauko filaya na nuna masa a kan reshe ɗaya. Har ya ce, ashe dai 'yar Japan ba wasa take ba. Na shiga ɗaki na gaya wa Umma cewa yau Baffa ya yabi aikina. Wannan ne ya fi ci mini rai in na tuna. Ni da bakina na koya masa komai, ina murna.

A cikin waɗannan kwanaki ne Suhaibu, ɗan Malam Dattijo, ya dawo daga Bunkure inda ya daɗe da shanunsa. Ya aiko da ladabi cewa yana so ya karɓi filin bayan an kwashe abin da ke ciki, zai yi wa mahaifiyarsa Inna Saliha ɗaki kusa da mutane, don ta tsufa, rugar da take zaune ta yi mata nisa da asibiti. Umma ta ce ai kayan aro ba ya rufe katara, a ba mai abu abinsa. Baffa ya ce ta bar maganar a hannun maza.

Ranar Litinin, bakwai ga wata, ka kira ni da safe ka ce almakashin yankan rassa da na daɗe ina roƙonka ya iso tasha a Kano, in je da kaina in karɓa a ranar, don mai kayan zai juya. Kafin in fita Baffa ya ce za a yi yaɓen ɓangaren da kasakena suke, zai sa a mayar da su zaure don kada siminti ya zuba musu. Na so in kwashe da kaina, ya ce in tafi kada in rasa mota, shi ba yaro ba ne. Na ba tsamiyar ruwa na fita. Na dawo bayan azahar da almakashi a jaka, na tarar da kuka da ceɗiyoyin a zaure lafiya lau. Kaskon tsamiya yana gefe a kife, an wanke shi tas.

Na tambayi Umma, ta ce ita tana ɗaki lokacin. Na tambayi magina, suka ce in tambayi Baffa. Na duba ko'ina har rijiya na leƙa. Sai na zaga baya, na ga an sa wa ƙyauren lambu sabon kwaɗo. Na leƙa ta tsakanin kara. A kusurwar da ke kusa da kanal, inda Baba ke jibge harawa da karan shinge tun muna yara, an kwashe jibgin, tsamiyata na tsaye a ƙasa. An cire mata waya duka. An kakkarya kan rassan da hannu, an tsige ganyen ƙasa, don ta yi kama da wadda awaki suka daɗe suna ci. An watsa busasshen ganye da kashin awaki a gindinta don kada a ga sabuwar ƙasa. Reshen hagu, wanda na fi shan wahalarsa, yana rataye da ɓawo kawai. Na tsaya a nan ban san iya lokacin ba, jakar tana kafaɗata.

Na je gidan Baffa. Yana zaure yana cin rake, ya ce in zauna, na ƙi. Bai ɓoye komai ba. Ya ce ya riga ya kai mai unguwa da mutum biyu sun ga bishiyar, an kuma sa ranar da dagaci zai zo. Zai ce Baba ne ya dasa ta shekaru da suka wuce, Malam Dattijo ya gani bai hana ba, wanda ke nufin ya bar masa filin ke nan. Jibgin harawa ne ya ɓoye ta, awaki kuma suka hana ta tsawo. Na ce Baffa, wannan ai ƙarya ce. Ya tofar da ɓawon rake ya ce ina ƙaryar take, ba ubana ne ya ba ni ƙwallon ba, ba a gidan ta tsiro ba? Ya ce in kwantar da hankalina, kwana goma ne kacal a mayar mini da abata, ya ma zuba mata takin yuriya ya sakar mata ruwan kanal don ta ji daɗi, karon farko a rayuwarta za ta ci ta ƙoshi. Na ce yuriya a kan saiwar da aka taɓa ƙona ta zai yi, ruwan da ke kwance kuma ruɓar da ita zai yi. Ya yi dariya ya ce shi ya shekara talatin yana noman rani, bai taɓa ganin shukar da taki da ruwa suka kashe ba. Da na juya zan fita ya ce, Hidaya, ke mace ce, babu mai kiranki wurin, abin da ake so a wajenki kawai ki zauna a ɗaki. Ya ƙara da cewa ba don kansa yake yi ba, don marayun ɗan'uwansa ne.

A ranar na kira ka. Ina cikin cewa Baffa ya ɗauki tsamiyata ka ce kana wurin aiki, in bi maganar manya, ma yi magana daga baya. Ka kashe. Na sake kira washegari, ba ka ɗaga ba. Na roƙi Umma ta sa baki, ta ce don girman Allah kada in jawo mata faɗa da dangin mijinta, katangarta na buɗe, damina na tafe. Kullum da safe nakan zaga in leƙa ta karan shinge. Ganyen ya fara yin rawaya daga baki, sannan ya fara zuba. Ruwa yana kwance a gindinta kamar an dasa shinkafa. Na yi tunanin tsallake shingen in tone ta, amma an riga an nuna wa shaidu, da na taɓa sai a ce wani ne ya zo ɓatar da hujja, kuma Suhaibu za a fara zargi. Abinci ma kasa ci na yi.

Shekaranjiya Alhamis da hantsi dagaci ya zo, aka yi zaman a bakin lambun. Ina tsakar gida, katanga ce kawai tsakaninmu, ta wurin tsagar nake jin komai. Baffa ya yi bayaninsa tiryan-tiryan. Wani dattijo ya duba gindin ya ce lalle wannan itace ya kusa shekara goma. Suhaibu ya ce shi bai san da ita ba, amma ya daɗe ba ya gari, ba zai ƙaryata mamaci ba. Sai Baffa ya faɗi abin da ya sa nake rubuta maka wannan takarda. Ya ce babban ɗan marigayi, Safwan, yana Fatakwal, ya tabbatar masa ta waya cewa a gabansa mahaifinsa ya dasa ta, in ana so a kira shi. Dagaci ya ce ba sai an kira ba.

An kusa yanke magana sai Inna Saliha ta nemi izini. Ka san ta, ba ta ɗaga murya. Shekara nawa tana kawo mana nono, takan zauna a inuwar katangar nan kusa da kaskona tana hutawa, har takan ce wa tsamiyar kishiyar ƙwarya, wai wuri ɗaya suke ci a tabarma. Ta san ta sarai. Amma ba ta ce an yi ƙarya ba, ba ta ambaci kasko ba. Cewa ta yi ita tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, amma akwai yarinya a gidan nan da ta yi karatun itatuwa, a tambaye ta. Abin da Hidaya ta faɗa, ita da ɗanta sun yarda, ko da filin zai tafi.

Aka aiko kirana. Umma ta riƙe mini hijabi a bakin ƙofa, sannan ta saki. Na fita. Baffa ya kafe ni da ido. Dagaci ya ce, 'yata, wa ya dasa wannan bishiya a nan, kuma yaushe? Yaya, wallahi na nemi wata magana da zan faɗa wadda ba ƙarya ba ce kuma ba za ta kunyata ƙanin mahaifinmu ba, ban samu ba. Na ce Baba ne ya ba ni ƙwallon, a gwangwani na shuka, daga nan ta koma kasko, kuma ranar Litinin ɗin makon jiya da safe a kasko na ba ta ruwa. Na ce Baba bai taɓa dasa bishiya a filin nan ba, ya ce aro ne. Baffa ya miƙe ya ce boko ya taɓa mini kai, wa ya taɓa ganin tsamiya mai wannan kauri a kasko, sai ka ce waina. Dagaci ya ce ai abin ba na musu ba ne, a tono a gani.

Wani ya ɗauko fartanya, na roƙi a bar ni in tona da hannu. Na durƙusa a cikin laka a gaban maza, ina yaye ƙasa. Ba ta yi wuyar fitowa ba, don ba abin da ta kama. Saiwarta ta fito a dunƙule, shimfiɗe kamar faifai, da zagayen kaskon a jikinta, ba ta da saiwar tsakiya. A ƙasanta akwai ƙyallen gidan sauro da nakan rufe ramin kasko da shi don kada ƙasa ta zube, saiwoyi sun saƙe shi, Baffa bai lura ba. Wani daga baya ya ce ikon Allah, yau ga tsamiya mai kwana a gidan sauro, ko ita ma zazzaɓi take tsoro. Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don warin ruɓa nake ji daga saiwar, kuma ina ganin fuskar Baffa.

Dagaci ya ce fili na magadan Malam Dattijo ne, ya yi wa Baffa faɗa a taƙaice saboda shekarunsa. Suhaibu ya ce Umma ta kwashe alayyahu da albasarta a tsanake har ruwan farko ya sauka. Sannan ya ƙara da wata magana. Ya ce da niyyarsa ɗaki ɗaya zai yi ta wajen kanal, ya bar wa Umma rabin da ke jikin gidanmu ta ci gaba da shuka muddin ranta, saboda abin da ke tsakanin iyayenmu. Bai faɗa ba ne don yana jira a zauna. Yanzu kuwa, ya ce, sai ya yi shawara da 'yan'uwansa.

Baffa ya biyo ni har zaure ina rungume da tsamiyar. Ya ce na zaɓi bare a kan jinina, na tsiraita shi a gaban yaran da ya haifa, kuma duk ranar da aurena ya tashi in nemi waliyyi a ruga. Ya kira maginansa suka kwashe kayan aiki, har da sauran simintin. Umma ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ce na yi daidai ba. Tun ranar in na miƙa mata magani takan karɓa ba ta dube ni ba. Jiya na ji tana kuka a sallar walaha.

Tsamiyar na wanke mata saiwa, na yanke duk inda ya yi baƙi ya yi laushi, abin da ya rage bai kai rabi ba. Da almakashin da ka aiko na yi aikin, yana da kaifi sosai, na gode. Na mayar da ita kaskonta da sabon rairayi, na cire reshen hagu gaba ɗaya, na ajiye ta a inuwa na rufa mata jiƙaƙƙen buhu daga sama. Babu ganye ko ɗaya a jikinta yanzu. Na ɗan kankare ɓawon gindin da farce, akwai sauran kore a ciki. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan da tabbaci.

Yanzu sai naka, Yaya, kuma ka yafe mini in na yi rashin kunya, kai ne uba a wajena tun da Baba ya tafi. Ba zan ɗora maka abin da ban gani ba, zan dai jera abin da na sani. Cikin azumi ka ce in turo maka hoton tsamiyar, in sa hannuna kusa da gindin don ka ga kaurinsa, alhali ba ka taɓa tambayata labarinta ba. Zuwanka na bara ka tsaya a bayan gida kana auna filin da taku, ka ce nan ya dace da ɗakunan da za ka gina in ka dawo. Almakashin da na shekara ina roƙo ya iso ranar da aka buƙaci in bar gida. Da na kira ka ban kai ga faɗin inda aka kai ta ba ka ce in bi maganar manya. Sannan Baffa ya ambaci sunanka a gaban dagaci, har ya ce a kira ka, bai ji tsoron abin da za ka faɗa ba. Kowanne a cikin waɗannan zai iya zama dacewa ce kawai. Na yi ta juya su ina nema maka mafita, don ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma kai ka raka ni jami'a ranar farko ka ɗaukar mini akwati a ka. Abin da Baffa ya yi ya yi mini ciwo, amma ban taɓa jingina da Baffa ba. Da kai na jingina.

Ina roƙonka ka ba ni amsa a rubuce, ka ba Mudassiru in zai juyo. Kada ka kira, don in na ji muryarka zan ce ba komai, alhali akwai.

Ka gaida Anti Sa'adiya da kyau, ka ce mata kukar miya da daddawar da ta ce a aiko suna cikin buhun da ke tare da takardar nan. Ka shafa mini kan A'isha da Abuzar, Allah Ya raya su a kan gaskiya. Umma ba ta san ina rubutawa ba, amma na san da ta sani za ta ce a gaishe ku, don haka tana gaishe ku.

Ga abin da har yanzu ban sani ba.

Ban sani ba ko tsamiyar za ta yi toho. In za ta yi, sai nan da mako uku ko fiye.

Ban san wanda zai ƙarasa katangar ba, ko kuma za ta kai ruwan farko a tsaye.

Ban sani ba ko Suhaibu zai bar wa Umma rabin lambun.

Ban sani ba ko Umma tana ɗaki ne da gaske lokacin da aka fita da tsamiyar, don hanyar baya ta gaban tagarta ta bi. Ban tambaye ta ba, ba kuma zan tambaya ba.

Ban san wanda ya fara kawo shawarar ba, tsakanin Baffa da wani.

Ban sani ba ko da dagaci ya ce a kira ka, me za ka ce.

Kuma in amsarka ta zo ka ce ba ka san komai ba, Yaya, ban sani ba ko zan iya yarda. Ina roƙon Allah Ya sa in iya.

Wassalam. Ƙanwarka,
Hidaya Muhammadu Sani